Daga Cibiya Zuwa Cinya

A gidanmu na cikin birnin Kano babu matar auren da ba ta da tsohon ɗankwalin tamke ƙugu idan za ta yi surfe. Muna yara mun ɗauka adon manya ne. Inna tara ta haifa. In za ta tashi daga kujerar tsugunno sai ta dafa gwiwa, ta ce "wash", ta ɗan dakata kafin ta miƙe. In tari ya sarƙe ta kuwa, sai ta sulale ɗaki ta sake zane, kowa ya yi kamar bai gani ba.

A wurin mutanen gidanmu, duk abin da ya taɓa mace daga cibiya zuwa cinya sanyi ne, maganinsa zafi: wankan jego da ganyen darbejiya safe da yamma har arba'in, zaman ruwan bagaruwa, kunun kanwa. Ruwan ɗumi ba na raina shi, yana sakin jiki. Kanwar ce nake ƙorafi a kanta, tunda tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan shanta da ciwon zuciyar masu jego.

Da na fara aikin jinya, a wurina sashen gashin ƙashi na masu karaya ne da shanyewar ɓarin jiki da yaran shan-inna. Masu yoyon fitsari ne suka fara kai ni can. Lokacin sunan Dakta Kees Waaldijk na Babbar Ruga a Katsina ya zaga ko'ina, kowa maganar ɗinki yake. Amma yarinyar da ta kwana uku tana naƙuda takan zo tana jan ƙafa, saboda kan jariri ya danne jijiya, ɗinki kuma bai ta da ƙafa. Wata ma an rufe ramin yoyon, amma fitsarin bai daina zubowa ba.

A nan wata mai gashin ƙashi ta nuna min abin da na karanta a aji na wuce. Ƙasan mara tsoka ce shimfiɗe daga ƙashin gaba zuwa ƙashin gindi, tana tallafe da mafitsara da mahaifa da dubura yadda majanyi ke riƙe goyo. Haihuwa na sassauta ta, ana kuma iya horar da ita. Tun 1948 wani likitan Amurka, Arnold Kegel, ya rubuta hakan. Ina tsaye take ce wa wata dattijuwa, "Baba, ki matse kamar kina riƙe tusa cikin jama'a. Ƙirga biyar. To, saki. A'a, ban da riƙe numfashi." Dattijuwar ta rufe fuska da mayafi tana dariya, amma ta yi.

Waɗanda suka fi tsaya min a rai amare ne. Amarya za ta zo da zafin saduwa, an gwada babu ƙwayar cuta, ta sha maganin sanyi har ta gaji. Ita tsokarta ɗaurewa ta yi, saki take buƙatar koya: numfashi daga ciki, miƙe cinyoyi, tausa a hankali, makonni ana yi. A gida kuwa an riga an yanke cewa aljani ne ya aure ta ko ƙiyayyar miji ce, gwaggonninta kuma suna ta aiko mata da maganin matsi.