Ɗaukewar Sadarwa a Mutum-mutumin Gasa: Wuta ko Iska?

Bahaushe yana amfani da aikatau guda ga abubuwa biyu: wuta ta ɗauke, sabis ya ɗauke. Wannan tarayya ta harshe tana da ma'ana ga mai haɗa mutum-mutumin gasa, domin sau da yawa ɗaukewar farko ce take haifar da ta biyu.

Mutum-mutumin yana karɓar umarnin matuƙinsa ta wata ƙaramar na'urar rediyo mai aiki a zangon gigahaz 2.4 ko 5. Da zarar alaƙar ta yanke, sai ya tsaya cak a tsakiyar fili, alhali wasan 'yan mintoci ne, aikin watanni kuma yana iya salwanta a cikinsu. Ɗalibin da ya tashi a Talata Mafara, Bakura ko Maradun yana da hujjar fara zargin waje, domin a Satumbar 2021 ya ga an rufe layukan waya a duk jihar Zamfara bisa umarnin hukuma. Sai dai a kan teburin gwaji, wannan zato yakan ɓatar da shi.

Batir guda mai bolt 12 ne yake ciyar da motoci da rediyo. Idan motocin suka tashi tare, ko suka turje da bango, sukan zuƙe wuta har rediyon ya mutu na ƙiftawar ido, farfaɗowarsa kuwa takan ci daƙiƙoƙi masu yawa. Sako-sakon waya bayan karo ma haka yake yi. Alamun sun bambanta: matsalar wuta shiru ce mai tsawo tare da mutuwar fitilun rediyo, cunkoson iska kuwa jinkiri ne da in'ina a bin umarni.

An ga duka biyun a gasar FIRST ta 2012 a birnin St. Louis na Amurka, inda mutum-mutumai suka riƙa tsayawa a zagayen ƙarshe. Binciken masu gasar ya gano kutse na ganganci, ya kuma gano lahani a wuta da manhajar wasu daga cikin injinan kansu.

Manomin da yake ban ruwa daga madatsar Bakolori ya san tsarin wannan bincike. Idan ruwa bai iso gonarsa ba, yakan bi ƙaramar magudana taki-taki kafin ya tuhumi madatsa. Haka ɗalibin zai auna batir yayin da motoci suke aiki, ya girgiza kowace mahaɗar waya yana kallon fitilu, ya nisanta rediyo da ƙarfe da motoci, sannan ya sauya tasha.

A nan masana Hausa suke da aiki. Muddin "ya ɗauke" ce kaɗai amsar ɗalibi, malaminsa ba zai san inda zai sa hannu ba. Koyar da wannan fanni da Hausa yana buƙatar kalmomin da za su raba yankewar wuta da cunkoson iska da kutse.