Marmari Daga Nesa: Yara Biyu a Ƙasar Karaye da Rogo

A bazarar da ta gabata na ɗauki iyalina muka tafi gida, wani ƙauye a ƙasar Karaye, domin gaida mahaifiyata. Tare da mu akwai ɗana mai shekara huɗu, wanda rabonsa da garin tun yana goye. Bayan motar cike yake da irin tsarabar da ɗan boko kan yi wa gida a wannan zamani: katan na biskit, da taliyar yara, da lemon kwali, da alewa. Ko kusa ban yi tunanin sayen ayaba ko lemon zaƙi ba. A zatona ƙauye shi ne gidan ɗan itace, wa zai kai masa?

Muna shiga matan gida suka yanyame yaron. Wannan ta ja kumatu, waccan ta taɓa damtse, kowacce sai tubarkalla take yi. Inna, wadda ba ta kama sunana saboda ni ne ɗan fari, ta ɗaga shi da ƙyar ta ce, "Kai, maigidan nawa ya yi nauyi! Ashe dai ana ci a birnin." Na yi murmushi, amma raina bai kwanta ba. Mako biyu kafin nan wata likita a Kano ta ɗora shi a ma'auni, ta gwada tsawonsa, ta duba jininsa, sannan ta ce mini nauyinsa ya zarce abin da ya dace da tsawonsa, jininsa kuma bai kai ba. Ni da nake taƙama da yawan abin da nake ciyar da shi, ranar na fara sanin cewa yaro yana iya yin ƙiba alhali jikinsa na cikin rashi.

Washegari ƙanwata ta iso daga ƙasar Rogo, inda take aure, da 'yarta wadda ɗana ya girma da wata uku kacal. Da suka tsaya tare, kanta da ƙyar ya kai haɓarsa. Gashinta ya yi ja-ja, ƙafafunta sirara. Ƙanwata ta ce mini, "Yaya, ran nan da aka zo awo an ɗaura mata zaren nan a hannu, ya nuna rawaya." Zaren da take nufi shi ne ma'aunin kaurin damtse, wanda ake gwada yara 'yan wata 6 zuwa 59 da shi. Idan damtsen bai kai santimita 11.5 ba ya nuna ja, daga nan zuwa 12.5 rawaya, in ya haura haka kore. Rawaya gargaɗi ne cewa tamowa ta fara leƙowa.

Sai na yi abin da aikin nazari ya sabar mini, wato tambaya. Na nemi uwar kowane yaro ta lissafa mini abin da yake ci a rana irin ta kullum. Ɗana: shayi da burodi da safe, biskit da lemon kwali a jakar makaranta, taliya da rana, shinkafa da dare. 'Yar ƙanwata: koko da ɗumame, garin kwaki da sukari da rana, tuwon masara miyar kuka da dare. In ban da garin kukar nan da ɗan tumatirin da ya narke a miya, babu ganye, babu ɗan itace a cikin lissafin biyu. Ɗaya ya yi jiki, ɗaya ta rame, amma abu guda suka rasa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne mahaifin yarinyar manomin lambu ne. Duk rani yana fadama, tsakanin tumatir da tattasai da albasa da karas. Noman rani ba baƙo ba ne a wannan yanki, kuma tun da aka kammala madatsar ruwa ta Calawa a ƙasar Karaye a 1992 ruwa ya ƙara samuwa ga masu injin ban-ruwa. Da na tambaye shi, bai ɓoye mini ba. Ya ce, "Malam, kayan gwari ai ba na ci ba ne. Taki bashi, man inji bashi, magani bashi. Kwandon da ya yi kyau na dillali ne." Mai kyan ya hau mota zuwa 'Yan Kaba a Kano, wani ma har kasuwar Mile 12 a Legas. Wanda ya fashe shi ake kai wa gida, a yanka a shanya ya zama kauɗa. Karas kuwa da wuya ya ga ƙofar gidan. Yarinyar tana ganin lodi yana wucewa, marmari daga nesa.

Maganarsa ta tuna mini da wani bincike da na taɓa karantawa game da wani wuri mai nisa ƙwarai da Rogo. Kwarin Salinas da ke jihar Kalifoniya ta Amurka ya shahara da noman latas da sauran ganyaye, kuma akasarin masu aikin gonakinsa 'yan asalin ƙasar Meziko ne. A tsakanin 1999 da 2000 masana daga Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka soma bin diddigin mata masu juna biyu 601 a kwarin, da 'ya'yan da suka haifa, a wani aiki mai suna CHAMACOS. Babbar manufarsu ita ce gano illar maganin feshi, amma sai ga ƙiba ta bayyana a tsakanin yaran tun suna ƙanana, har aka gano cewa 'yan shekara biyu masu shan lemon kwalba kullum sun fi saura faɗawa cikinta. Alƙaluman hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka na 2017 zuwa 2020 sun nuna ƙibar da ta wuce kima a kashi 26 cikin 100 na yara da matasan da asalinsu ke komawa ga ƙasashe masu magana da Sifaniyanci, alhali a tsakanin farare ba ta kai kashi 17 ba. Iyaye na tsinkar ganyen da zai ciyar da ƙasa, 'ya'yansu na girma a kan abin da ya fi araha da zaƙi.

A wurinmu fuskar matsalar ta bambanta. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuwa kashi 57, yayin da masu nauyin da ya wuce kima ba su wuce kashi 2 ba. Wato irin 'yar ƙanwata sun fi irin ɗana yawa nesa ba kusa ba. Sai dai a tsakar gidan Inna na ga fuskokin biyu zaune a tabarma ɗaya, ɗan Salinas da 'yar Rogo, suna rabon biskit ɗin da na kawo da hannuna.

Talauci da bashi sun isa su bayyana rabin al'amarin. Amma ni ba ni da bashin taki, kuma 'Yan Lemo da ke Na'ibawa ba ta fi ƙarfina ba. Me ya hana ni? Amsar da na samu tana cikin harshen da nake koyarwa. A gidanmu idan an ce abinci, tuwo ake nufi, ko shinkafa, ko dambu, wato abin da ya fito daga hatsi ya zauna a ciki. Mutum zai wuni yana shan mangwaro, da yamma ya ce yau bai sa komai a bakinsa ba. 'Ya'yan itatuwa muna kiran su kayan marmari, abin da rai ya yi sha'awa, wanda in an samu an gode, in an rasa ba a yi asara ba. Tumatir da alayyafo da kuɓewa kayan miya ne, barorin tuwo. A bakin manomi da ɗan kasuwa kayan gwari ne, haja mai saurin lalacewa da ake gaggawar rabuwa da ita. Kwaɗon zogale a birni ƙwalama ce ta mata, a ƙauye kuwa tafasa da rama suna ɗauke da tambarin yunwa, abin da ake komawa gare shi in rumbu ya yi ƙasa. Karin magana ma ta faɗa: tuwon girma miyarsa nama. Suna huɗu muka ba waɗannan abubuwa, babu ko ɗaya da ya ce abinci ne.

Haka kuma kalmomin da muke yaba yaro da su duk suna wajen nauyi. Ya yi ɓul-ɓul, ya yi jiki, ya murmure. Wanda ya rame kuwa cewa ake yi ya lalace. Ba zan kira wannan wauta ba. Al'ummar da kakanninta suka ga yunwar Kakalaba ta 1914, iyayenta suka ga farin 1973, tana da hujjar ɗaukar kitsen jikin yaro a matsayin guzuri. A wancan zamani yaron da ya yi ƙiba da nono da fura da kunun gyaɗa ya yi ta. Yabon yana nan yadda yake, abin da ke kawo ƙibar ne ya sauya.

Da na kawo wa Inna wannan magana, dariya ta yi. Ta ce, "Ku wa ya taɓa ba ku ɗan itace? Ai da kanku kuke nema." Gaskiya ta faɗa. Ba a taɓa zuba mana kanya a kwano ba, amma shekara ba ta juyowa sai mun bi ta itace-itace. Da hunturu muna gindin kanya da magarya, muna gwaguyar goruba. Da bazara bakinmu ya yi rawaya da garin ɗorawa, sannan mangwaro ya shigo. Farkon damina kaɗanya ta zubo, daga baya ɗinya ta baƙanta mana haƙora. Ga tsada, ga taura, ga aduwa, ga 'ya'yan kuka da muke fasawa mu tsotsa. Manya sun iya raina ɗan itace domin daji ya ɗauke musu nauyin ciyar da mu shi. Yanzu gatari da gawayi da faɗaɗa gona sun cinye yawancin itatuwan, wanda ya tsira kuma yana da mai shi, 'ya'yansa na kan faranti a kasuwa. Dajin ya janye hannunsa, mu kuma ba mu sauya ma'anar abinci ba. Na gwada ɗana da sunaye goma daga cikin waɗannan, bai san ko ɗaya ba. 'Yar ƙanwata ta san huɗu. A 1916 Dalziel ya wallafa littafin sunayen tsirrai na Hausa. Ina tsoron kada wata rana jikokinmu su riƙa neman kanya a cikinsa.

Masana lafiya suna da bayanin abin da ke faruwa a jikin yaran nan biyu. Ganye irin su zogale da alayyafo suna ɗauke da sinadarin ƙarfen da jiki ke haɗa jini da shi, bitamin C kuma, wanda ke da yawa a 'ya'yan kuka da gwaba da lemo, yana taimakon hanji ya tsotse shi. Mangwaro da karas da kabewa suna ba da abin da jiki ke mayarwa bitamin A, mai kare ido da ƙarfafa garkuwar jiki. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar yaro ɗan shekara 2 zuwa 5 ya ci aƙalla giram 250 na ganye da 'ya'yan itatuwa a rana, ɗan 6 zuwa 9 giram 350, daga 10 zuwa sama giram 400. Giram 250 bai wuce mangwaro madaidaici guda da ludayin dafaffen zogale da ɗan yankan kankana ba. Amma ganye ba laya ba ne. Ba zai rage wa ɗana nauyi ba in an ɗora shi a kan lemon kwali. Sai ya maye gurbinsa. Ba zai kuma ɗaga 'yar ƙanwata shi kaɗai ba, sai an haɗa da wake da gyaɗa da ƙwai da nono. Abin ban sha'awa, kwaɗon rama da ƙuli-ƙuli, wanda muke jin kunyar ba baƙo, ya haɗa ganyen da gyaɗar a kwano ɗaya. A rubuce sunan ganyen da sunan ciwon duk rama ne, sai a baki ake rarrabe su.

A nan nake ganin manazarta Hausa muna da aiki. Saƙon lafiya da ake fassarawa a rediyo yakan ce a riƙa ba yara kayan marmari. Uwar da ta ji haka ta ji an ce ta riƙa saya musu abin sha'awa, ita kuwa tana fama da na tuwo. Da an ambaci zogale da kabewa da gwanda da sunayensu, an kuma kira su abinci, da saƙon ya fi shiga. Akwai kuma ilimin da ke bakin tsofaffi irin su Inna: wane ganye ake ci, yaushe, yaya ake kashe ɗacinsa. Ɗalibanmu da ke neman batun kundin digiri za su same shi a Karaye da Rogo, muddin sun yi sauri.

Ban koma Kano da wa'azi ba, domin ni ne mai laifin farko. Na roƙi mijin ƙanwata abu ɗaya, ya cike kwano guda na gida kafin a ɗaure kwandon dillali. Ya yi shiru, sannan ya ce kwano ɗaya ba zai karya shi ba. A gidana an daina sa lemon kwali a jakar makaranta, an sha kuka na mako guda. Ranar da za mu taho Inna ta sa aka karyo mini sandunan zogale uku daga bayan ɗakinta, ta ce, "Ka kafa wa maigidan nawa, tunda ka ce abinci ne." Biyu sun kama.