Gigin Tsufa Da Gonar Tsoho

A ƙasar Magariya da Dungas, inda jama'a suka yi yawa gonaki suka ƙanƙance, mutumin da ya fi kowa haɗarin rasa gonarsa shi ne tsohon da gigin tsufa ya kama. Ya manta sunan jikansa, yana sake sallar da ya riga ya yi, amma ɗan yatsansa na nan, kuma da shi ake dangwala takardar jingina ko ta sayarwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu wannan ciwo a duniya sun haura miliyan 55, mafi yawansu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi irin tamu da masu matsakaicin ƙarfi. Don haka nake ganin wajibi ne iyali su naɗa wa irin wannan tsoho wakili a rubuce, tun kafin wani ya shigo da kuɗi a aljihu.

Hanyar ba ɓoyayya ba ce. Likita ya duba shi ya ba da takardar shaida, dangi su zauna da shaidu su zaɓi mutum ɗaya, mai gari da sarki su sani, sannan a kai takardar zaman gaban alƙali ya tabbatar. Kotunan Nijar suna aiki da al'adar masu shari'a a lamuran iyali, tare da masu ba alƙali shawara kan al'ada. Gonakin kuma a rubuta su a wajen hukumar filaye da dokar karkara ta 1993 ta kafa.

Wasu za su ce kai zancen uba kotu tonon asiri ne. Ai ba ƙararsa aka kai ba, garkuwa aka nema masa. Muhtasar na Halilu, wanda malamanmu ke karantarwa a zaure, yana da babi guda kan tsare dukiyar wanda hankalinsa ya gushe. Asiri yakan tonu ne ranar da 'yan uba suka yi cirko-cirko a gona da damina, kowa da takardarsa.

Wasu kuma za su ce wakilin ne zai cinye. Ana samun haka, shi ya sa rubutu ya fi baki: wanda alƙali ya naɗa ana iya tambayarsa lissafi, ana iya tuɓe shi. Kuma ya sani gado bai faɗi ba tun da mai dukiya na numfashi. Geron rumbu da kuɗin riɗi na tsoho ne, a ci da shi, a saya masa magani, a sallami 'yar ko surukar da ke wanke masa jiki.