Wa Zai Riƙe Almakashin?

Jama'a, ni dai tun tasowata ban taɓa zaton akwai macen da za ta ja da a hana hotunan batsa ba. Sai bana, ina cikin tattara bayanan kundin digirina a kan marubuta mata, na ci karo da wata taƙaddama da ta raba kan masu fafutukar 'yancin mata a Amurka, wadda ba ta mutu ba, sai ma ta koma intanet.

Ga yadda aka yi. A 1983 wasu mata biyu, Andrea Dworkin marubuciya da Catharine MacKinnon masaniyar shari'a, suka tsara wa birnin Minneapolis wata doka. Dokar za ta bai wa macen da aka cuta ta hanyar batsa damar kai masu yin ta da masu sayar da ita ƙara. A ganinsu batsa ta wuce rashin kunya, mai da mace haja ce. Magajin gari ya ƙi sa hannu. Birnin Indianapolis ya kafa irinta a 1984, amma kotu ta soke, Kotun Ƙoli kuma ta tabbatar da sokewar a 1986.

Abin mamaki, cikin waɗanda suka yaƙi dokar har da mata 'yan'uwansu, irin su Ellen Willis. Hujjarsu ita ce, in aka miƙa wa hukuma almakashi, ita za ta yanke abin da ake kira batsa, kuma bakin mata za a fara datsewa.

Da farko na ce wannan kame-kame ne kawai. To, amma sai na waiwayo gida. A 2007 an ƙona littattafan Hausa a wata makarantar 'yan mata a Kano, da sunan gyaran tarbiyya. Littattafan soyayya kuwa, da yawansu mata ne suka rubuta su. Na san akwai na banza a ciki. Amma a irin wannan rubutu ne Balaraba Ramat Yakubu ta fito da zancen auren dole da wulaƙancin gidan miji, abin da iyayenmu mata suka daɗe suna haɗiyewa. Mai ashana ba ya tsayawa tantancewa, kuɗin goro yake yi.

Kada a fahimce ni a baibai. Dworkin ba ta yi ƙarya ba. Na ga yadda hoto ɗaya ya yi yawo a wayoyi, ya raba wata ɗaliba da karatunta, wanda ya watsa shi kuwa yana nan yana yawonsa. A hukunta irinsa, na yarda ɗari bisa ɗari.

Sai dai yanzu duk wanda ya ce mini "a hana", nakan tambaye shi: wa zai riƙe almakashin, kuma da wa za a yi shawara? Kada garin neman gira a rasa ido.

Allah ya sa mu dace, amin.