A Wane Shafi Aka Rubuta?

Ni mutumin Ƙaura Namoda ne, sana'ata sayar da hatsi. Ban iya karatun boko ba sai da na ba shekara arba'in baya, sa'an nan na shiga ajin yaƙi da jahilci, na riƙa zama kan benci ɗaya da waɗanda na haifi sa'o'insu. Ran da aka ba mu takardar shaidar gamawa na tambayi malaminmu, na ce, "Malam, ga shi mun iya, to, me za mu karanta?" Ya yi murmushi, ya shiga ɗaki ya fito da wani ɗan littafi wanda bangonsa ya yage, ya ce in je in gwada. Littafin nan Ruwan Bagaja ne, na Alhaji Abubakar Imam. Na yi wata guda cur ina fama da shi, ina bin baƙaƙe da yatsa. Daga nan na nemi Ganɗoki, na nemi Iliya Ɗan Maiƙarfi, na sayi Magana Jari Ce, littafi na ɗaya har na uku. Ina so in ba 'yan'uwana waɗanda suka koyi karatu da girma labarin irin gardamar da littattafan nan suka haddasa a majalisarmu, da amfanin da gardamar ta yi mana wata rana.

Cikin watan Satumba na 2021 gwamnati ta katse layukan wayar hannu a Jihar Zamfara, ta kuma rufe kasuwannin mako-mako, domin yaƙi da ɓarayin daji. Ni da na saba zuwa kasuwar Shinkafi kowace Alhamis sai na koma zaman gida. Samarin da a da ba ka ganin fuskarsu sai ƙeyarsu, saboda sunkuyawa kan waya, suka rasa abin yi. A ƙofar gidana akwai wani bedi, watau itacen da Kanawa ke kira darbejiya, a nan mu ke shimfiɗa tabarma bayan la'asar. Wata rana na ɗauko Ganɗoki ina karantawa a hankali, sai wani tela maƙwabcina ya ce, "Alhaji, ɗaga murya mana mu ma mu ji." Kafin mako ya zagayo tabarma ɗaya ba ta isarmu.

Mutum uku su ne ginshiƙan majalisar. Akwai telan nan, mai son tambaya kamar alƙali. Akwai wani direba ɗan Shinkafi wanda rufe kasuwa ya zaunar da motarsa. Akwai kuma wani dattijo da ya baro ƙauyensu na ƙasar Zurmi da iyalinsa saboda rashin kwanciyar hankali, ya sauka a unguwarmu. Shi bai iya karatu ba, amma abin da ya shiga kunnensa ba ya fita. Mu duka Baba mu ke ce masa.

Gardama ta fari a kan Ganɗoki ta tashi. Wanda ya karanta littafin ya san jarumin nan ya yi yaƙi da Turawa sa'ad da suka zo cin ƙasar nan, sa'an nan ya nausa gabas tare da ɗansa Garba Gagare, ya shiga ƙasashe masu nisa yana karawa da mutane da aljannu. Da Baba ya ji sunan ɗan sai ya buga sandarsa a ƙasa, ya ce, "Kun ji ko! Yaron nan ɗan Ƙaura ne. In ba haka ba, me ya sa aka sa masa sunan gulbinmu?" Gama gulbin da ya ratsa ta gefen garinmu sunansa Gagare. Direba ya ce sam, Gagare kirari ne na wanda ya gagari maza. Aka rabu biyu, kowa yana kawo hujja, har aka kira magariba ba a gama ba.

Kashegari direba ya zo da tasa. Ya ce ya kwana yana tunani, ya gane Malam Zurƙe ɗan Muhamman, abokin adawar Alhaji Imam cikin Ruwan Bagaja, mutumin Zurmi ne, sunan ma ya nuna, wayon ma ya nuna. Aka bushe da dariya. Baba ya harare shi, ya ce, "Ɗana, in wayo a ke nema ai sai a tafi kasuwar Shinkafi, inda a ke sayar wa mutum akuyarsa." Daga wannan aka shiga wata, wai tsakanin Ganɗoki da Iliya Ɗan Maiƙarfi wa zai ka da wani. Samari suka bi bayan Iliya, don ya tashi daga nakasa ya zama gwarzo. Baba ya ce su duka biyu yara ne a gaban Namoda, jarumin da garinmu ya ci sunansa, wanda ya yi yaƙi a zamanin jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, sa'ad da aka ci Alƙalawa, birnin Gobirawa, cikin 1808.

A kan Aku na Magana Jari Ce kuwa ra'ayi uku aka samu. Waɗansu suka ce aljani ne ya rikiɗa, don tsuntsu ba ya sanin abin da Aku ya sani. Waɗansu suka ce wani malami ne aka yi wa sammu ya koma tsuntsu. Tela kuwa ya ce Aku shi ne Abubakar Imam da kansa, watau mutum mai son gaya wa sarakuna gaskiya, wanda ya ga hanyar da ta fi sauƙi ita ce ya naɗe ta cikin labari. Har yau wannan zato na tela yana ba ni sha'awa.

To, da gardama ta yi yawa, aka fara ɗaga murya har wani ya yi fushi ya daina zuwa kwana biyu, sai tela ya kawo wata doka. Ya ce daga yau duk wanda ya faɗi magana a kan littafi, sai a tambaye shi, "A wane shafi aka rubuta?" In ya nuna, an karɓa. In bai nuna ba, ba a hana shi faɗi ba, amma lalle ya fara da cewa, "A zatona." Da yake ni ne mai littattafan, aikin bincike ya faɗo a kaina. Jama'a, ban taɓa karatu irin na kwanakin nan ba. A da ina karantawa ne in kai ƙarshen labari. Yanzu kuwa sai in koma baya, in duba kalma ɗaya ɗaya, in ga ko marubuci ya faɗi abin da a ke cewa ya faɗa. Na duba ban ga inda aka ce Garba Gagare ɗan Ƙaura ne ba. Ban ga inda aka ce Zurƙe Bazurme ne ba. Aku kuwa, abin da aka rubuta shi ne an saye shi daga hannun wani Balarabe, ya yi ta ba Musa ɗan Sarki Abdurrahman labaru don ya hana shi fita ya faɗa tarkon mugun Waziri, daga baya aka naɗa shi waziri. Ba a ce aljani ne ba.

Amma akwai tambayar da shafi bai iya warwarewa ba, ita ce wadda ta fi damun Baba: shin an yi Ganɗoki da gaske? Na ɗauki tambayar na kai wa malaminmu na yaƙi da jahilci, ya zo majalisa da kansa ya yi mana bayani. Ya ce cikin 1933 wani Bature, Dokta Rupert East, shugaban ofishin fassara na Zariya, ya sa gasar rubuta labaru da Hausa. Daga gasar nan aka buga littattafai biyar: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Malam Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin. Bello Kagara kuwa wan Abubakar Imam ne, don haka ba abin mamaki ba ne da ƙasar Kwantagora ta fito cikin littattafansu duka biyu, gama a wannan yankin aka haife su.

Malam ya ci gaba, ya ce Ganɗoki tuwo ne da aka tuƙa da gari iri biyu. Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse na Kwantagora mutum ne na gaske, Turawa sun ci garinsa cikin 1901. Sun ci Sakkwato cikin 1903, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi hijira gabas, ya rasu a yaƙin Burmi cikin wannan shekara. Wannan duk tarihi ne. Amma yaƙi da aljannu, da mutum ɗaya ya kore runduna, wannan ƙagen marubuci ne, ya yi shi don ya faranta ran mai karatu, ya kuma tuna wa yara cewa kakanninsu ba ragwaye ba ne. Game da Zurƙe kuwa, ya ce Imam ya karanta Maƙamatul Hariri na Larabci, inda wani mai wayo ke ɓullowa gari gari cikin sabuwar kama, daga can ya sami dabarar. Magana Jari Ce, wanda aka buga tsakanin 1937 da 1939, shi ma an tsamo labarunsa da yawa daga Dare Dubu da Ɗaya da tatsuniyoyin Indiya da na Jamus, Imam ya sa musu riga da wando na Hausa. Ya ce kada mu ji kunyar gardamarmu, don a Ingila da Amurka ma masu karatu sun shafe shekaru suna irinta a kan littafin Tolkien mai suna The Lord of the Rings, wanda ya fito cikin 1954 da 1955.

Baba ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Watau dai Malam, magana iri uku ce. Akwai wadda ta faru, akwai wadda aka rubuta, akwai wadda mu ke zato." Malam ya ce, "Baba, ka riga ni."

Ba a yi kwana goma da wannan ba sai ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ku tuna babu waya, ba wanda zai iya kiran ɗan'uwansa ya tabbatar da labari, jita-jita kuwa ta yi yawa, tsoro ya cika zukata. Wata rana da yamma muna zaune sai muka ji hayaniya. Ga samari sun kewaye wani baƙon saurayi, waɗansu da sanduna, ana cewa mai kai wa ɓarayin daji rahoto ne, an gan shi tun hantsi yana leƙen gidaje yana tambayar sunayen masu su. Yaron nan jikinsa na rawa, bakinsa ya kasa haɗa magana. Wanda ya zauna a ƙasarmu cikin shekarun nan ya san abin da irin wannan zargi ke jawowa. Ni kaina, ba zan ɓoye muku ba, zuciyata ta karkata ga yarda, don an sha yi mana irin wannan cuta.

Tela ne ya miƙe ya ratsa taron, ya ɗaga hannu, ya ce, "Ku dakata! A wane shafi aka rubuta?" Samarin da ke zuwa majalisa suka gane maganar, waɗansu har suka yi 'yar dariya, zafin ya ɗan sauka. Tela ya kama tambaya ɗaya ɗaya. Wa ya gan shi da ɓarayi? Wannan ya ce wancan ya gaya masa, wancan ya ce a wurin mai shayi ya ji. Aka kira mai shayi, ya ce shi dai abin da ya faɗa shi ne bai san fuskar yaron ba. Abin da aka gani da ido guda ɗaya ne tak, watau yana tambayar gidaje. Sauran duka zato ne wanda ya yi ta girma daga baki zuwa baki.

Sai Baba ya matso, ya ce, "Ɗana, kai ɗan ina ne?" Yaron ya faɗi sunan wani ƙauye a ƙasar Zurmi. Baba ya tambaye shi sunan mai garin, da na limamin, da inda rijiyar garin ta ke, ya amsa duka daidai. Ashe an kore su ne daga ƙauyen, ya tako da ƙafa yana neman gwaggonsa da a ke aure a Ƙaura, bai san gidan ba, ba kuma wayar da zai kira. Muka raka shi wurin mai unguwa, aka aika aka nemo matar. Da ta gan shi ta rungume shi ta fashe da kuka. Waɗanda suka ɗauko sanduna suka sulale ɗaya bayan ɗaya.

Ban ce kowane zargi ƙarya ne ba, ban kuma ce a daina tsaro ba. Masu kai rahoto suna nan, sun kuwa cuci jama'a. Abin da na ke cewa shi ne, wanda ya saba komawa shafi ya duba kafin ya yanke hukunci a kan Aku, ya fi kusa da ya tsaya ya bincika kafin ya yanke hukunci a kan ɗan Adam. Mun koyi wannan hali ne cikin wasa da dariya, a kan mutanen da ba su taɓa rayuwa ba, ya zo ya yi mana rana a kan mai rai.

An daɗe da mai da layukan waya, an buɗe kasuwanni, samari da yawa sun koma ga abin da suka saba. Amma majalisarmu ba ta watse ba. Baba ya shiga ajin yaƙi da jahilci, ya ce ya gaji da jiran wani ya duba masa shafi. Har yanzu bai janye maganarsa a kan Garba Gagare ba, sai dai kullum ya kan fara da cewa, "A zatona."

Ya ɗan'uwa da ka karɓi takardar shaidarka, kada ka naɗe ta ka sa a ƙarƙashin akwati ka ce an gama. Nemi littafi, ka nemi abokan zama, ka karanta musu da ƙarfi. Ku yi gardama yadda ku ke so, kowa ya kawo zatonsa, gama zato shi ne gishirin hira. Amma in an gama, ku buɗe littafin ku duba. Allah ya ƙara mana sani mai amfani, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.