Daga Gidigir zuwa Yamai: inda muka zauna cin abincin dare

 Ni malamin makarantar yaƙi da jahilci ne a Gidigir, cikin ƙasar Gure. Labarin tafiya na kawo muku a wannan wata.

A Disamba ta 2024, bayan hatsi ya shiga rumbu, na kai mahaifiyata Yamai aikin ido. Yana ce ta rufe mata gani, har ba ta rarrabe akuyarta da ta maƙwabta. Mai ɗakina ta biyo mu don jinya, da yaranmu 3. Ƙanena tela ne a Yamai, wurinsa muka sauka.

Hanyar doguwa ce. Daga Gidigir sai Gidimuni, sai Mirya, sai Damagaram. Can muka kwana. Da asuba muka shiga babbar mota: Tasawa, Maraɗi, Madawa, Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso. Tsakanin Damagaram da Yamai wajen kilomita 900 ne. Sai dare muka isa.

Aka yi wa Inna aiki a idon dama, Allah ya ba da sa'a. Likita ya ba ta baƙin tabarau da maganin ɗigawa. Ya ce mini: "Ka kiyaye ta da ƙura da hayaƙi." Ku riƙe wannan magana, za mu komo kanta.

Ana jibi za mu koma gida, ƙanena ya ce: "Yaya, ido ya buɗe, ai sai a ba shi abin kallo." Bayan azahar muka nufi gidan tarihi na ƙasa, wanda mutanen gari ke ce wa Mize. An buɗe shi a 1959. Yanzu yana ɗauke da sunan Bubu Hama, marubucin nan da ya shugabanci majalisar dokoki har 1974. Fili ne mai faɗi a kan tudu, kusa da kogin Kwara. Ciki akwai ɗakunan kayan da, masu fari da shuɗin fenti. Akwai maƙera da masaƙa da dukawa suna aiki a gaban jama'a. Akwai kuma namun daji: zaki, kura, dorina, kada, jimina. Autanmu ya ga kura ido da ido, ya shige bayan kakarsa. Ta ce masa: "Haba maigida, kai da za ka tsare ni?"

Mun daɗe wurin ƙasusuwan wani kada na zamanin da. A Gadufawa aka tono shi, cikin ƙasar Agadas. Tsawonsa ya fi mita 9. Masana sun ce ya rayu shekara fiye da miliyan 100 da suka wuce, lokacin da hamadar nan take ƙasar ruwa.

Amma abin da ya tsayar da Inna, iccen Tenere ne. Kandili ne, irin wanda raƙumanmu ke ci. Shi kaɗai yake tsaye a kan hanyar ayarin gishiri tsakanin Agadas da Bilma, ba wani icce kusa da shi sai an yi tafiyar kwanaki. Da aka haƙa rijiya a gefensa, an tarar saiwarsa ta nutsa fiye da mita 30. A 1973 wata babbar mota ta buge shi ya faɗi. Aka ɗauko shi aka kawo Yamai, aka gina masa rumfa. Na karanta wa Inna bayanin. Ta ɗaga tabarau kaɗan, ta duba, ta ce: "Busasshen icce aka yi wa ɗaki? Da a Gidigir ne, da tuni ya dafa tuwo." Amma ba ta matsa ba. Mahaifinta ya yi fatauci Bilma sau da yawa, tana ƙarama tana jin labarin hamada a bakinsa.

Kafin magariba muka fito. Yara sun fara kukan yunwa. Gidan ƙanena yana can ƙarshen gari, kuma ba a ɗora tukunya ba. Nan ne shawara ta tashi: ina za mu ci?

Bari in faɗa muku abin da ke aljihuna. Ban da kuɗin motar komawa, jikka 15 suka rage. Jikka 8 na maganin idon Inna ne da za mu saya mu tafi da shi, ba a taɓa su. Saura jikka 7, ga baki 7, ga kuɗin taksi.

Ni dai idona ya tafi bakin titi. Ga mai tsire, ga mai ƙosai, ga benci. Da jikka 2 kowa ya ƙoshi. Sai mai ɗakina ta ce: "Malam, dubi hayaƙi." Na duba. Hayaƙin tukuba yana bin benci, motoci suna tayar da ƙura. Arahar da za ta komar da mu asibiti ba araha ba ce. Muka wuce.

Ƙanena kuwa so yake ya girmama uwarsa. Ya ce: "Inna ba ta taɓa zama an kawo mata abinci a tebur ba. Yau sai ta zauna." Ya ja mu wani gidan abinci mai ƙofar gilashi, da fanka, da farin ƙyalle a kan tebur. Ba ƙura, ba hayaƙi, wannan kam gaskiya ne. Yaron gidan ya haɗa tebur biyu, ya jera kujeru 7. Kafin mu ce uffan ya buɗe babbar kwalbar ruwa ya zuba wa kowa. Sa'an nan ya miƙo takardar abinci.

Takardar da Faransanci take. Na kai aji 6, na iya karanta ta. Amma lamba ba ta da yare. Mai ɗakina tana ajin mata shekara biyu ke nan. Ta leƙo ta kafaɗata, ta ga 3500 a gaban shinkafa da kaza. Ta yi shiru tana motsa yatsu. Ta raɗa mini: "Jikka uku da rabi. Na tukunya ne ko na mutum ɗaya?" Na ce na mutum ɗaya.

Ƴan'uwa, ku lura da nan, don wurin yana ruɗa mutane da yawa. Mu da dala muke lissafi, takarda kuwa da tamma take rubutu. Dala ɗaya tamma 5 ce. In ka ga an rubuta 100, dala 20 ke nan. In ka ga 500, dala ɗari. In ka ga 1000, jikka ɗaya. Giwan ruwa a takardar nan 5000 aka rubuta, wato jikka 5. Ko da yara sun haɗa faranti, sai mun ɗauki 4. Jikka 14 ke nan, maganin Inna ya tafi cikin kaza.

Ƙanena ya ce shi zai biya. Na san abin da keken ɗinki ke kawowa. Kwana 12 yana ciyar da mu, ban yarda ba.

Amma ba kuɗi kaɗai ne ya tashe mu ba. Na ɗaga kai na dubi Inna. Tana zaune a bakin kujera, ƙafafunta ba su kai ƙasa ba, ta juya fuska wajen bango. Ni ne ɗanta na fari. Tun da aka haife ni ba ta taɓa kiran sunana ba, balle ta kai loma baki ina kallo. Mai ɗakina ita ma ba za ta ci gaba da gaba da surukarta a tsakiyar maza ba. Tebur ɗin nan an yi shi ne don mutanen da ke ci suna duban juna. A gidanmu maza da akushinsu a zaure, mata da nasu a cikin gida, tsohuwa da jikokinta. Da mun biya jikka 14, da yara da ƙanena sun ci, mata biyu sun kwana da yunwa, kuma ba wadda za ta faɗa.

Inna ta ce, ba tare da ta dube ni ba: "Mai makaranta, magariba ta yi."

Na gane. Na kira yaron, na ce ya yi haƙuri, tafiya ta kama mu. Ruwan da ya buɗe jikka ɗaya ne, na biya. Fita daga irin wannan wuri bayan ka zauna akwai nauyi, kunnuwana har zafi suke. Laifinmu ne. Takardar nan ana iya roƙonta tun daga bakin ƙofa, mutum ya duba a tsaye, ba wanda zai ce don me. Kwalbar dai mun fito da abarmu, tun da mun saya.

Muka yi salla a wani ƙaramin masallaci na bakin hanya. Bayan an sallame na tambayi wani dattijo mai gadi, na ce ina da tsohuwa mai ciwon ido da yara, ina za mu zauna mu ci. Ya nuna mana wani lungu. Masu gadi da direbobin taksi su ne suka san inda ake ƙoshi a birni.

Gida ne na wata mata ƴar Dogon Dutsi. A gaba rumfar kwano, da teburori 3 da benci. Murhunta yana can baya, girki ya riga ya sauka, an yayyafa wa ƙasa ruwa. Wannan karo ban zauna ba sai da na yi tambaya. Nawa faranti? Akwai wurin da mata za su zauna su kaɗai? Matar ta dubi tabarau ɗin Inna, ta ce: "Sannu Inna, ya jiki? Shigo daga ciki." Ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida, bayan labule. Inna da mai ɗakina da yara biyu suka shiga. Ni da ƙanena da babban yarona muka zauna a benci.

Ga abin da muka ci. Shinkafa da miya faranti 4, kowane 500. Dambu da zogale kwano 2, kowane 300. Soyayyen kifin kogi yanka 5, kowane 300. Ruwan leda 8, duka 200. Mai ɗakina ta riga ni haɗawa: 4300, wato jikka 4 da dala 60. Abin da ya saura ya kai mu gida a taksi, yara a kan cinya.

Ba zan ce abincin ya fi na gidan gilashi daɗi ba, tun da ban ɗanɗana nasu ba. Miyar ma ta yi mini mai da yawa. Mutanen Yamai suna son zogale ƙwarai, Zabarmawa na ce wa kwaɗonsa kopto, kusan kowane lungu akwai mai sayar da shi. Muna ci ina jin muryar Inna ta bayan labule. Tana gaya wa mai abincin yadda ake yin dambu a ƙasar Gure, suna gardama a kan yawan albasa. Daga baya na ji tana dariya. Auta ya fito da ƙayar kifi a hannu, ya ce Kaka ta cinye nata ta ƙara da rabin nasa.

Ƙanena bai ji daɗi ba da fari. Ya ce shi ya so Inna ta koma ƙauye tana ba da labarin kujera da fanka. A taksi ta ce masa: "Ai na zauna, na sha ruwan jikka ɗaya. Ɗanɗanonsa ɗaya da na rijiyarmu."

Washegari na sayi maganin ido, kwalabe biyu. Yanzu Inna tana tsince tsakuwa a wake da kanta. Kwalbar ruwan nan tana nan rataye a ɗakinta, man gyaɗa take zubawa a ciki.