Ƙirga ciyawarka kahin ka ƙirga tumakinka

Ni malamin yaƙi da jahilci ne a ƙasar Bangi, cikin gundumar Madawa. Gona guda gare ni, wadda na gada ga mahaihina, da tumaki tara. Abin da nike so in hwaɗa muku shi ne, ba da damana ake sanin mai kiwo ba, sai da bazara.

Da damana kowa gwani ne. Yara suna bi da tumaki ta burtali zuwa makiyaya, su dawo da ciki cike. Amma makiyayarmu ta ragu, gonaki sun matse ta, garmani kuma ya cika ta, ga shi tunkiya ba ta son shi. Don haka muke hita da ɗalibaina muna tumɓuke shi tun bai yi iri ba. Inda ƙasa ta zama faƙo, mukan gina rabin wata mu watsa irin karangiya. Mutanen Keita sun raya faƙo mai yawa tun daga 1984, mu ma muna iyawa.

Aikin gaske da kaka yake. Ina cire harawa tun ganyenta bai zube ba, in ta bushe in ɗaure, in ɗora bisa rumhwa kahin hukuma ta ba da ranar sakin gonaki. Kara kuwa rabi nike kwasa, rabi in bar wa gona don kada iska ta kwashe ƙasa.

Sa'annan in ɗauki alƙalami. Babbar tunkiya tana cin wajen kilo guda na busasshen abinci a yini. Daga Maris zuwa ƙarshen Yuni kwana 120 ne da ɗoriya. Tumaki tara ke nan sun hi kilo 1.000. In na ga abin da na tara bai kai ba, sai in kai rago guda ko tsohuwar tunkiya kasuwa tun suna da nama. Wani maƙwabcina yakan yi mini dariya, wai ina rage arzikina da hannuna. Amma dattawanmu da sunka ga hwarin 1973 da na 1984 sun ce da yawa sun riƙe garke har sai da ya koma hwata da ƙashi. Gara shida masu ƙiba da goma da ake tayarwa da hannu.

Gawo ma abokin kiwo ne. Duk wanda ya tsiro cikin gonata ba ni sare shi. Da damana yana zubar da ganye, bai hana hatsi rana. Da rani ƴaƴanshi su zubo, tumaki su tsince. Bisa iyaka na dasa gamba. Takin garke kuma gona yake komawa.

Roƙona guda ne: kada mu nome burtali. Dokar kiwo ta 2010 ta hana toshe shi. Wanda ya ci taki biyu na burtali bana, baɗi tumakinshi za su rasa hanya, su hwaɗa gonar wani, rigima ta tashi.

Ku da kunka koyi lissahi a aji, ga inda zai yi muku rana. Allah shi ba mu damana mai albarka, amin.

Malamin yaƙi da jahilci, Bangi